Shinkafar Kebbi a Ma'aunin Masana Iska: Nazarin Lamarin Fadamar Rima

A farkon shekarar 2024 mujallar Nature Climate Change ta buga sakamakon wani bincike na masana kimiyyar iska daga Jami'ar Harvard ta Amurka, wato Zichong Chen da Daniel Jacob da abokan aikinsu. Matsalar da suka tasa a gaba ta daɗe tana damun masana. Tun wajen 2007 iskar miten, ɗaya daga cikin iskokin da ke ɗumama duniya, ke ta ƙaruwa a sama ba tsayawa, alamu kuma sun nuna cewa Afirka na da kaso mai tsoka a wannan ƙaruwa. To daga ina take fitowa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce dausayi da dabbobi. Waɗannan masana suka ce akwai na uku da aka raina, shi ne shinkafa. A lissafinsu, faɗaɗar noman shinkafa a Afirka ce ta haifar da kashi 7 cikin ɗari na ƙarin miten da duniya ke fitarwa a yanzu.

Binciken na nahiya ne baki ɗaya, ba na jiha ɗaya ba. Amma duk wanda ya san inda shinkafar Najeriya ke fitowa ya san da Kebbi ake. Wannan nazari zai duba lamarin a fadamar gulbin Rima, daga Augie da Argungu zuwa Birnin Kebbi da Bunza da Suru: me gonar shinkafa ke fitarwa, yaya ake auna shi, lissafin da ake yi wa wurin ya dace da shi ko bai dace ba, sannan wace iska ce mutanen wurin ke shaƙa da hancinsu.

Yadda Kebbi ta shiga lissafi

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kabi. Tun kafin a kawo irin Asiya akwai jar shinkafar gida da ake shukawa a fadama, wadda ke tashi tare da ruwa idan gulbi ya kawo. Abin da ya sauya shi ne yawan noman rani. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, Anchor Borrowers, a Birnin Kebbi. A Disambar 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, lokacin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, shanshera ta ƙara daraja. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da ɗan makaranta duk suka nemi fili a fadama.

Ambaliyar 2020 ta ƙara tura mutane ga rani. Wanda ya ga gonarsa ta damina ta koma tafki ana saura makonni kaɗan girbi, ba sai an yi masa wa'azi ba, ya san rani ta fi tabbas, tunda a rani shi ke riƙe da ruwan.

Ga masanin iska, wannan sauyi yana da ma'ana ta daban. Fadama a damina dama can cike take da ruwa, ko an shuka shinkafa ko ba a shuka ba, kuma dausayi yana fitar da miten da kansa tun kafin a haifi kakanninmu. Amma filin da a da yake bushe ƙayau daga Janairu zuwa Mayu, yanzu ya zama jiƙaƙƙe wata uku ko huɗu. Wannan shi ne ƙarin da hannun mutum ya kawo.

Abin da ke faruwa ƙarƙashin ruwa

Idan ruwa ya kwanta a kan ƙasa ya daɗe, iskar da muke shaƙa ba ta iya ratsawa cikin lakar. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su cinye ɗan abin da ya rage. Daga nan wasu ƙwayoyin na daban, waɗanda ba sa rayuwa sai inda babu iskar shaƙa, su karɓi aiki. Abincinsu ruɓaɓɓen kara ne da ciyawa da takin gida da abin da saiwar shinkafa ke zubarwa, abin da suke fitarwa kuma shi ne miten. Kaɗan daga ciki na fita ta kumfa, irin wadda kan taso idan mutum ya taka lakar fangali. Mafi yawa kuwa ta cikin shinkafar kanta take bi. Karan shinkafa yana da ƙananan ramuka da yake kai iska zuwa saiwa da su don kada ta shaƙe a ruwa, kuma ta waɗannan ramuka ne miten ke hawowa ta fice.

Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma a yawan da take fita a gona ba ta cutar da manomin da ke tsaye a ciki. Illarta a sama take. Kilo ɗaya na miten yana riƙe zafin da ya kai na kilo 27 na kabon dayoksaid, iskar da ƙona mai ke fitarwa, idan an auna a kan shekara ɗari, idan kuwa a kan shekara ashirin ne ya kai wajen 80. Sai dai ba ta daɗewa, kimanin shekara 12 take yi ta lalace, shi ya sa masana ke cewa rage ta shi ne hanya mafi sauri ta sassauta ɗumamar duniya. Kafin zamanin masana'antu yawanta a iska bai fi kashi 720 cikin biliyan ba, yau ya haura 1,900. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 a kan miten ya ɗora wa shinkafa kimanin kashi 8 cikin ɗari na abin da ɗan'adam ke fitarwa, dabbobi kashi 32, man fetur da gas da kwal kashi 35. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a Nuwambar 2021 ƙasashe fiye da ɗari, har da Najeriya, sun yi alkawarin a rage miten a duniya da kashi 30 kafin 2030.

Yadda ake aunawa a gona aiki ne na haƙuri. Ana kafa wani firam cikin laka tun farkon shuka, ya kewaye gindin shinkafa huɗu ko shida, a bar shi nan har girbi. A shimfiɗa katako daga kunya zuwa wurin, domin idan mai awo ya shiga da ƙafa zai tayar da kumfa ya ɓata lissafi. Ranar awo, da hantsi, a kifa dogon akwati na roba mai garai-garai a kan firam ɗin, bakinsa ya zauna cikin ruwa don kada iska ta sulale. A cikinsa akwai ƙaramar fanka da ke gauraya iskar da ma'aunin zafi. Sai a zuƙo iskar da sirinji nan take, a sake bayan minti goma, da ashirin, da talatin, kowanne a ɗura shi cikin 'yar kwalbar da aka tsotse iskar cikinta. A ɗakin gwaji na'ura za ta faɗi yawan miten a kowace kwalba, daga yadda ya hau cikin rabin awa kuma a fitar da abin da hekta ke fitarwa a rana. Haka za a yi ta yi kowane mako, a ƙara yawan awon bayan an zuba taki da lokacin da aka janye ruwa, don a lokacin ne iskar da ta maƙale cikin laka ke fita gaba ɗaya.

Akwai kuma awo daga sama. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Sentinel-5P, wanda aka harba a Oktoban 2017, yana ɗauke da na'urar da ke gane miten ta hasken rana da ƙasa ke mayarwa. Amma kowane ɗigo a hotonsa ya kai faɗin kilomita biyar zuwa bakwai, gajimare da ƙura suna dame shi, ruwa kuma ba ya mayar da haske sosai. Uwa-uba, ba zai iya ce maka wannan miten ɗin ta gonar shinkafa ce, waccan ta tafkin da ke gefenta, waccan kuma ta garken shanun da ke kiwo a bakin gulbi ba. A fadamar Rima kuwa su ukun a wuri ɗaya suke.

Lissafin aro

Tunda ba kowace ƙasa ke da awon kanta ba, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya tanadi adadin da za a yi amfani da shi. A bugun 2019, gonar da ruwa ke kwance a cikinta ba yankewa tana fitar da kilo 1.19 na miten a kowace hekta a rana. An ba yankunan Asiya da Turai da Amurka nasu adadin daga awon da aka yi a gonakinsu. Afirka kuwa sai aka ba ta matsakaicin na duniya, aka rubuta a ƙasa cewa saboda ƙarancin bayanai ne.

Mu gwada lissafin. Hekta ɗaya, shinkafa irin Faro 44 ta yi kwana 100 a gona bayan dashe: kilo 119 na miten. A ninka da 27, ya kama tan 3.2 na kabon dayoksaid. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3, ke nan hektar ta yi daidai da ƙona lita 1,400. Wanda ya ji wannan zai ɗauka manomin Suru babban mai laifi ne.

Amma lissafin yana da sharaɗi, shi ne ruwa ya kwanta ba yankewa. Kwamitin da kansa ya ce idan gona tana bushewa sau da yawa a tsakiyar shuka, a ninka adadin da 0.55. Kilo 119 ya koma 65. To wacce ce gonar Kebbi a cikin biyun?

A mafi yawan noman rani na fadamar nan, ruwa ba daga babbar kwata ta madatsar ruwa yake gangarowa kyauta ba. Manomi ne ke haƙa 'yar rijiyarsa ta bututu, tunda ruwan ƙasa ba shi da nisa, ko ya jefa tiyo cikin gulbi, ya tayar da ƙaramin inji, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana buɗe baki da fartanya yana toshewa. Duk ɗigon da ya shiga gonar da kuɗi aka saye shi. Inda ƙasar ke da yashi, ruwan da aka ba da safe kafin gobe ya tsotse. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, rana ma tana ɗaukar rabonta. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000.

Irin zancen da za ka ji a bakin gona tun daga lokacin ba ya wuce haka:

"Baba, fangulan gabas sun fara tsagewa."

"Ƙyale su sai jibi, yaro. Jarkar ga ita ce za ta kai mu Juma'a."

Abin da dattijon nan ke yi don dole, shi ne kusan abin da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta daɗe tana koyarwa da gangan: a ba da ruwa, a bari ya janye, a sake bayarwa. Duk lokacin da ƙasa ta sha iska, masu yin miten sai su lafa, kuma sukan ɗauki kwanaki kafin su farfaɗo. Bambancin kawai, a tsarin cibiyar akwai ma'auni. Ana samun guntun bututun roba mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa, a kafa shi a fangali rabin mai huda na cikin ƙasa, a kwashe lakar cikinsa. Manomi ya riƙa leƙawa. Muddin ruwan cikin bututun bai sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa ba, saiwa na samun ruwa ko da saman ya tsage. Da ya kai nan, a ba da ruwa ya hau santimita 5. Mako ɗaya kafin fure da mako ɗaya bayansa ba a wasa da ruwa, a bar shi kwance. Gwaje-gwajen cibiyar sun nuna ana rage ruwa har kashi 30, miten kuma kusan rabi, amfanin gona bai ragu ba.

A ganina wannan ne babban gibin da ke tsakanin lissafin nahiya da gonar Kebbi. Mai yiwuwa fangalin rani mai yashi yana fitar da ƙasa da abin da ake rubuta masa, mai laka mai riƙe ruwa a cikin zafin Afrilu kuma ya fi, domin zafi yana ƙara wa ƙwayoyin nan kuzari. Akwai kuma wata iskar da ba a cika ambata ba. Ƙasar da ke jiƙewa tana bushewa, idan an tula mata yuriya, tana fitar da naitiros oksaid, wadda kilo ɗayanta ya kai kilo 273 na kabon dayoksaid. Yawanci ribar rage miten ta fi wannan asara, amma manomin da ke watsa buhun yuriya a tashi ɗaya a kan fangalin da ke gab da bushewa yana asarar taki, yana kuma rage wannan riba.

Sai batun sola. Tsadar mai ta sa mutane da dama sun koma injin mai amfani da hasken rana, wasu sun juya nasu zuwa gas. Ta fuskar aljihu da hayaƙin inji wannan ci gaba ne, babu ja. Amma a duba ɗaya gefen. Abin da ke hana manomi cika gonarsa da ruwa shi ne kuɗin mai. Ranar da ruwa ya zama kyauta daga hantsi zuwa la'asar, me zai hana shi barin injin yana ta zuba, musamman da yake ruwa kwance yana danne ciyawa ya rage masa kuɗin noma? Idan haka ta faru, hektar da ke kusa da kilo 65 za ta doshi 119. Bambancin kilo 54 na miten ya yi daidai da fetur fiye da lita 600. Wato ana iya raba injin sola da sunan gyaran yanayi, a ƙare da gonar da ta fi da ɗumama shi. Maganin bai fi guntun bututun nan da malamin gona da zai nuna amfaninsa ba, sai kuma daidaita ƙasar fangali, domin a gonar da ba ta baje ba tudu zai ƙone kwari na nan cikin ruwa.

Iskar da ake gani

Duk wannan magana ce ta iskar da ba ta sa kowa tari. Wadda ke kai mutanen Argungu da Kamba da Yawuri asibiti daban take, kuma daga shinkafar nan ɗaya wani ɓangarenta ke fitowa.

Gonar da ta ba da tan huɗu na shanshera ta bar kara da ya kusa wannan nauyin. Idan aka kai shansherar inji, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta buntu ne. Manyan kamfanoni suna iya ƙona buntunsu a tukunyar tururi su sami wuta. Ƙananan injinan cikin gari kuwa bayan shago suke tara shi har ya zama tsauni, wata rana a cinna masa wuta. Buntu ba ya ci bal-bal. Yana da sinadarin yashi da yawa a jikinsa, sai ya yi ta cin ciki yana turnuƙewa kwana da kwanaki, kuma wutar da ba ta samun isasshiyar iska ita ta fi fitar da hayaƙi mai guba.

Lokacin da abin ke faruwa shi ya ƙara ɓata shi. Girbin damina da sharar gonar rani suna faɗowa ne daga Nuwamba zuwa Janairu, daidai da hunturu. Da dare a wannan lokaci sama ba gajimare, iska a bushe, ƙasa kan huce da sauri, sai iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta samanta sanyi. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta tashi, takan ma gangara ta taru a kwari, fadama kuwa kwari ce. Hayaƙin da aka tayar da magariba sai ya rasa hanyar hawa, kamar an kifa wa garin faifai, ya kwana a tsayin hancin mutane har rana ta ɗaga ta dumama ƙasa. Wanda ya taɓa fita sallar asuba a irin waɗannan garuruwa a watan Disamba ya san wannan shuɗin hayaƙi da ke rataye a kan hanya, mai sa ido yaji.

A kan wannan ga ƙurar hunturu. Babban tushenta kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa ta yo kudu maso yamma da ita. Masana sun ɗauke shi wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wannan ba laifin kowa ba ne a Kebbi, ba kuma mai iya hana shi. Amma huhun da ya wuni yana fama da ƙura shi ne zai kwana yana fama da hayaƙi, kuma lokacin ne na mura da tari da sanƙarau.

Abin da masana ke aunawa a nan shi ne ƙananan ɓurɓushi da ake kira PM2.5, waɗanda kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin talatin na silin gashi ba. Hanci ba ya tace su, sukan kai ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Ana danganta su da ciwon huhu na yara, da asma, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicin yini kada ya wuce maikirogiram 15 a iskar da za ta cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ɗaya ne, na shekara kuma 5. A gefen murhun itace adadin kan kai ɗaruruwa.

Wanda ya fi kowa shan wannan ita ce mai turara shinkafa. Ta jiƙa shanshera ta kwana, da sassafe ta ɗora rabin ganga a kan duwatsu uku, ta tura itace, wani lokacin ɗanye, ta sunkuya tana hurawa, goyo a bayanta. Idan tururi ya ratsa har ɓawon ya fara tsagewa ta kwashe, ta shanya, ta ɗora wata. Fuskarta ba ta fi taku ɗaya daga bakin wutar ba, na goyon ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, fiye da 237,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin takaici, itacen da take saya da tsada ta ƙona, ga buntun da zai iya maye gurbinsa can yana cin wuta a banza bayan injin da za ta kai shinkafar. Akwai murhun da aka ƙera don buntu, akwai kuma tukunyar turara ta zamani da cibiyar AfricaRice ta fito da ita mai suna GEM, wadda aka kafa irinta a Lafiya ta Jihar Nasarawa, mai cin itace kaɗan.

Ta fuskar awo, tashoshin da suka daɗe suna bin ƙurar yankin nan su ne irin ta Jami'ar Ilori, da ke cikin tsarin hukumar NASA tun 1998, da ta Banizumbu kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, wadda ma ta fi Ilori kusa da Birnin Kebbi. Na'urar da ke kallon rana, wadda ake aiki da ita a irin waɗannan tashoshi, tana faɗin yawan ƙurar da ke tsakanin ƙasa da sama ne gaba ɗaya, kuma da rana take aiki. Hayaƙin da ya kwanta a unguwa ƙarfe biyar na asuba ba ya cikin littafinta. Ƙananan na'urori masu araha da ake maƙalawa a bango suna kama hayaƙi da kyau, amma an sha nuna cewa suna raina ƙura mai kauri, don haka sai an gwada su da babbar na'ura kafin a gaskata adadinsu a hunturu.

Gaba kura, baya sayaki

Karan shinkafa shi ne inda matsalolin biyu suka haɗu. A ƙona shi, an tayar da hayaƙi, an kuma yi asarar sinadarin da ke sa ganye kore, wanda za a sake saya a buhun yuriya. Akwai ma dokar hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta 2011 da ta hana ƙone-ƙone a fili, sai dai manomin da ke son dasa rani kafin lokaci ya ƙure ba ta ita yake yi ba. A ce masa to ya binne karan ya sako ruwa, an ba masu yin miten abinci ke nan, gonar ta fi da fitarwa. Mai ba da shawarar da ya san ɓangare ɗaya kawai zai gyara nan ya ɓata can.

Mafitar tana cikin lokaci. A ma'aunin IPCC, karan da aka binne fiye da kwana 30 kafin a sa ruwa, tasirinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wanda aka binne gab da sa ruwa ba, domin ya riga ya ruɓe a cikin iska. Tsakanin girbin damina da dashen rani ana iya samun wannan tazara a gonaki da yawa. Inda ba ta samuwa, a fitar da karan daga gona. Makiyaya na bukatarsa a rani, masu kiwon turka ma suna saye, kuma tsohuwar al'adar nan ta barin shanu su ci kara su bar taki ta fi wuta alheri, ko da yake zaman manomi da makiyayi a yau ba kamar da ba ne. Saniyar ma tana fitar da miten, gaskiya ne, amma da ta ci karan da ba ta ci ba za ta fitar.

Akwai masu zuwa da zancen kuɗin kabon, cewa kamfanonin waje za su biya manomi don ya rage miten. A yi hattara da shi. A 2023 Verra, babbar hukumar da ke tantance irin wannan ciniki, ta dakatar da tsarin da ake lissafa na shinkafa da shi bayan an gano aringizo a ayyukan da aka yi rajista a Sin. Kuma ƙa'idar cinikin ita ce a biya wanda ya sauya hali. Wanda ke cika gonarsa da ruwa ya daina shi ke da abin sayarwa, dattijon da talauci ya riga ya sa yana barin fangalinsa ya tsage ba shi da komai a wannan kasuwa. Ga shi kuma ɗan Najeriya a matsakaici bai fi rabin tan da 'yan kai na kabon dayoksaid yake fitarwa a shekara ba, Ba'amurke kuwa wajen tan 14. Don haka ba na ganin hujjar a ce wa Kebbi ta rage shinkafa. Hujjar da za ta shiga kunnen manomi ita ce ta mai da taki da lafiyar iyalinsa, ragin miten ya biyo baya.

Aikin da ke gaban masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha ta Aliero, tare da malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar, KARDA, a fili yake. Akwatunan awo a gonaki iri uku, mai yashi da mai laka da ta damina mai zurfin ruwa, rani biyu da damina biyu a ƙalla, ana auna miten da naitiros oksaid tare, ana rubuta ranar da aka ba da ruwa da ranar da ƙasa ta tsage. A haɗa da fili ɗaya na fadama da ba a shuka komai ba, don a san abin da dausayin ke fitarwa da kansa. Na'urorin PM2.5 kuma a bakin injin casa, da wurin masu turara, da farfajiyar wata makarantar firamare, su yi aiki dare da rana daga Oktoba zuwa Maris, a ajiye adadinsu gefen rajistar masu tari a asibitin garin. Kwalaben iska ana iya tara su a aika ɗakin gwajin da ke da na'urar, ba sai an mallaki tata ba. Kuma gonakin fetur da na sola duk su shiga awon tun yanzu da ake da iri biyun gefe da gefe a fadama ɗaya, domin idan sola ta game ko'ina babu sauran gonar da za a gwada ta da ita.